Hannu Na Uku

"Malama, lissafin nan bai fita ba."

Da wannan maganar ya fara ɓata min rai. Ina tsaye gaban babban hoton Ranar Gada, 'yan makaranta sun kewaye ni, ina zuba musu bayanin da na haddace tun ina aji uku: ga Kwamanda a kan gada, ga tutar juyin juya hali a sama, ga hayaƙi a bayansa. Sai malamin da ya kawo su ya ɗaga hannu daga baya kamar shi ma ɗalibi ne.

Na ce wane lissafi?

Ya ce, "Mutum ɗaya nake gani, amma hannu uku ne a jikin sandar tuta."

Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na cika na batse. Aikina ke nan a gidan tarihin juyin juya hali, kuma Kwamandan nan kakana ne, shi ya haifi Babana. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san amsar. Biyu na Kwamanda ne. Na ukun, wanda ya leƙo daga cikin hayaƙi ba jiki ba fuska, shi ake kira Hannun Al'umma, wai na wani talaka ne da ba a san ko wane ne ba, ya tsaya a madadin talakawa duka. Yana cikin taken ƙasa, yana jikin gunkin tagullar da ke dandali. Na karanta masa wannan tas, na ƙara da cewa in ya manta ya koma aji uku, akwai sauran kujera.

Ya yi murmushi ya ce Allah ya huci zuciyar Malama.

Sati na zagayowa sai ga shi, ba yara. Wani satin ma haka. Zai sayi tikiti, ya tsaya gaban hoton nan ya yi ta kallo, sannan ya zo ya tsokane ni. Na sa masa suna Malam Lissafi, shi kuma yana ce min Jikar Kwamanda, yana sara min kamar soja. Tun ina harararsa har na koma duba ƙofa in ranar zuwansa ta yi. Ba zan ɓoye ba, na kamu, kamu mai tsanani.

Wata rana muna zaune a bencin harabar gidan tarihin, yana ɓare min lemo, idona ya sauka a hannunsa na dama. Ɗan ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake, ya karkata ciki kamar ƙugiya. Na san yatsan nan. Kullum ina nuna shi da sanda, ina cewa yara su dubi yadda wahalar aiki ta lanƙwasa yatsan talaka.

Ya ga inda nake kallo. Bai janye hannun ba.

Ya ce ba wahala ba ce, gado ne. Haka na mahaifinsa yake, haka na kakansa. Sannan ya ce a hankali, "Kakana shi ne Tela."

Lemon ya suɓuce daga hannuna. Tela! Mutumin da littafin makaranta ya ce shi ya ci amanar juyin juya hali. Wanda in za a yi wasan kwaikwayo a makaranta, duk yaron da aka ba matsayinsa sai ya yi kuka. Ni da kaina na taɓa jifan Telan ajinmu da takarda, aka tafa min.

Na miƙe na ce ashe duk zuwan nan wurin hoto yake zuwa, ni tsani ce.

"Ranar farko don hannun na zo, ban musa ba. Babana ya rasu yana cewa ubansa na cikin hoton nan, kowa na ce masa mahaukaci."

"Sauran ranakun fa?"

"Sauran ranakun hoto bai isa ya sa ni sayen tikiti ba, rabin raina. Akwai shi a bangon ajina kyauta."

Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace min, hawaye suka biyo ta.

Babana bai yi dariya ba. Shi ne shugaban kwamitin cikar juyin juya hali shekara hamsin, falonmu kuwa hoton Kwamanda ya cinye rabin bango. Da ya sa aka bincika asalin mai nemana, ya kira ni ya tsayar da ni a ƙarƙashin hoton. Ya ce ya ba ni 'yancin zaɓe, in kawo direba, in kawo mai faci, zai ɗaura. Amma jinin maci amana ba zai shiga zuri'ar Kwamanda ba yana numfashi.

Na ce Baba, me shi ya ci? Ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin.

Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na ce to ni ma jikar wanda ya tsaya a gada ce, ba a san mu da ja da baya ba.

Umma ta dafe ƙirji tana min alama da ido in yi shiru. Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce in zaɓa, ko sunan gidan nan ko jikan Tela. Wallahi ina son Babana. Shi ya koya min taken ƙasa ina kan cinyarsa. Amma a ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin Kaka, matar Kwamanda, wadda ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Kowace shekara ita ake ɗauka a motar gwamnati ta ajiye furanni a gindin gunki. Na same ta tana fama da zare da allura, ta ƙi yarda idonta ya gaza. Ta ce ta ji hayaniyar jiya, wane marar sa'a ne ya kwaso ni? In kawo shi ta gani, in ya yi mata ta ƙwace.

Na kawo shi da la'asar, Baba na wurin taro. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa hannu zai karɓi allurar ya zura mata zaren. Kaka ta riƙe hannun. Ta daɗe tana shafa yatsan nan da babban yatsanta. Can ta ce a kira mata ɗanta, ko a gaban shugaban ƙasa yake.

Baba ya shigo a fusace, ya ga wanda ke zaune, ya juya zai fita.

"Zauna," in ji Kaka. "Ni na haife ka, ba gunki ba."

Ya zauna a bakin gado.

Ta ce a shagon Tela aka ɗinka tutar nan, ita ta riƙe masa bakin yadi yana taka keke. Shi da Kwamanda aminai ne, kwano ɗaya suke ci. Ranar Gada tare suka hau, kuma da harsashi ya sami Kwamanda a kafaɗa, Tela ne ya tallafe sandar, ba don shi ba da tutar ta faɗa ruwa. Hoton farko da aka buga su biyu ne a ciki, kafaɗa da kafaɗa.

Bayan an ci nasara, manyan suka hau kujera suka ji daɗinta. Tela ya tashi a taro ya tambayi ina zaɓen da aka yi wa mutane alkawari. Laifinsa ke nan, babu ƙari. Aka ce ya ci amana, aka kulle shi, a can ya mutu. Aka kai hoton wurin masu gyara suka shafe shi, suka zuba hayaƙi a gurbinsa.

Baba ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, "Inna, shi kuma Baba me ya yi?"

"Shiru ya yi. Ya ji tsoro, kana ciki wata bakwai."

"To hannun..."

"Sun zo za su shafe shi ma. Ubanka ya ce a bari, ya ƙirƙiro musu zancen Hannun Al'umma, suka ji daɗin zancen har suka sa shi a waƙa. Bai iya ceton amininsa ba, hannu kaɗai ya iya cetowa. Har ya mutu bai yarda ya bi ta dandalin nan ba, kai ba ka taɓa lura ba?"

Ta ce shekara da shekaru ana ɗaukarta a mota, ana zaton mijinta take kai wa furanni. Mijinta tana masa addu'a a ɗaki. Furannin na mai hannun ne.

Malam Lissafi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ban damu da idon kowa ba, na matsa kusa da shi.

Na zaci Baba zai sauko. Ina! Ya miƙe ya ce tsufa ne, Inna ta fara ruɗewa, kuma ko da gaskiya ne, ƙasa ba ta tsayuwa sai da labarin da za ta riƙe. In aka taɓa wannan, me za a gaya wa yara? Kaka ta ce a gaya musu abin da ya faru, ita da ta gani da idonta ma gaskiyar ba ta kashe ta ba. Ya fita ya bugo ƙofa.

Ranar cikar shekara hamsin, ni aka sa in zagaya da manyan baƙi a gidan tarihi, don a ce ga jikar Kwamanda. Baba na gaba da babbar rigarsa, 'yan jarida na baya, 'yan makaranta sun yi layi da ƙananan tutoci. Muka iso gaban hoton. Na ɗaga sanda na nuna.

Na ce wannan Kwamanda ne, kakana, ina alfahari da shi. Na matsar da sandar. Na ce wannan kuma hannun Tela ne, wanda ya ɗinka tutar, ya riƙe ta ranar da za ta faɗi, aka kulle shi har ya mutu don ya tambayi zaɓe. Yana da suna, yana da jikoki, kuma ɗaya daga cikinsu zan aura.

Shugaban gidan tarihin ya yi ta tari kamar ya haɗiyi ƙashi. Kafin azahar an karɓe min sanda da katin aiki, jaridu kuma ba wadda ta buga ko kalma ɗaya. Baba ya sauka daga kwamiti, ya daina yi min magana.

Kaka ta kira ƙanin Baba ta ce shi zai ba da aurena, in ya ƙi ta yafe shi. Aka ɗaura, ba taro ba kiɗa. Na yi kuka ranar, don kujerar Babana babu kowa a kai. Mijina ya ce in yi haƙuri, lissafi mai wuya ba a gama shi a zama ɗaya. Na ce ya rufa min baki da lissafinsa, ya ce to, Jikar Kwamanda, ya sara min.

Muka kama ɗaki biyu a bayan makarantarsu, na fara koyar da yara a gida. Kaka ta rasu ina da ciki, a wurin zaman makokinta ma Baba kai kawai ya gyaɗa min.

Ranar da na haihu, da safe, ina kwance a gadon asibiti sai na ji takun da na sani tun ina yarinya. Umma ce ta jawo shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa shi sauri yake. Mijina ya miƙe ya ba shi wuri, bai ko dube shi ba. Umma ta ɗauki jaririyar ta dangwara masa a hannu, ta ce ga uwarka ta dawo, sai ka gaya mata saurin da kake.

Ya tsaya a sandare. Yarinyar ta motsa, ta fito da hannu daga cikin zani, ta damƙe yatsansa. Na ga idonsa ya sauka a kan ɗan ƙaramin yatsanta, lanƙwasasshe, ya karkata ciki.

Ya daɗe yana kallo. Ya zauna a kujerar da ya ƙi zama, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Sannan ya ɗago ya dubi mijina, karo na farko tun da suka san juna.

"Kakanka," ya ce, "mene ne sunansa na gaskiya?"

Mijina ya faɗa masa. Baba ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, ya sunkuya ya raɗa shi a kunnen jikarsa, don ta san sunan kakan ubanta. Har yau allon da ke gindin gunkin nan Hannun Al'umma yake cewa. Amma duk ranar hutu Babana na saɓa yarinyar nan a kafaɗa ya kai ta dandali, ya ɗora hannunta a kan na tagullar, ya gaya mata ko na wane ne da ƙarfi, ko wa ke wucewa.