Jar Motar Yaya Uba

Ranar da Idrisu ya fara ganin Aina'u, batirin mota ne rungume a ƙirjinta, ta naɗe shi da tsohon zani kamar jariri. Ɗan acaɓa ya sauke ta a bakin garejin da ke bayan kamfanin alewa a Sharada, inda take aikin naɗe minti.

Idrisu ya fito daga ƙarƙashin wata akori-kura yana goge hannu.

"Barka da arziki, Hajiya. Mace aka samu ko namiji?"

Ta zabga masa harara. "Mai cajin batir nake nema, ba mai ba'a ba."

"Ya tafi masallaci. Kawo na karɓa, ruwansa yana cin tufafi." Ya karɓa ya ajiye a inuwa. "Motar wa ce, aka bar ki da dako?"

"Ta yayana ce."

"Shi yana ina?"

"Ya rasu."

Idrisu mai yawan surutu ya bar ba'a nan take. Ya sunkuyar da kai ya yi wa mamacin addu'a, muryarsa a sanyaye. Wannan sauyin ne ya sa ta ɗago ta dube shi da kyau, kuma da ya nemi lambar wayarta don ya sanar da ita in batir ya cika, ba ta yi gardama ba.

Uba shi ne wan Aina'u, su biyu kaɗai iyayensu suka haifa. Gyaran injuna yake yi a wani kamfanin roba a Bompai. Da Baturen manajansu zai koma ƙasarsu, ya bar wata jar motar tsere a bayan ofis, mai ƙofa biyu da kujera biyu, kaji har sun fara ƙwai a cikinta. Uba ya saye ta, shi da abokinsa Obadiya, mutumin Kafanchan, suka yi ta fama har ta tashi. Yakan ja kunnen ƙanwarsa ya ce, "Ranar aurenki da ita zan kai ki, kowa ya biyo mu a ƙasa."

Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin ranar ta zo.

Tun daga nan motar ba ta sake fita daga gidansu na Na'ibawa ba. Mahaifinsu, Malam Ya'u, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙar Challawa, ƙarar injuna ta cinye masa kunne kafin a rufe masaƙar a sallame su. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya yaye tamfol, ya tayar da motar, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya lumshe ido. Da hannu yake jin ta. In ya gama sai ya ce, "Yadda ya bar ta," ya mayar da tamfol.

Haka ma ya yi da 'yarsa. Duk saurayin da ya zo, amsar Baba ɗaya ce, a dakata tukuna. Suna dakatawa har su gaji su kama gabansu.

Washegarin ranar da ta kai batirin, 'yar wayarta ta yi ƙara, saƙo ya shigo.

"Mai Batir, jaririnki ya ƙoshi. Ki zo ki ɗauka, ko ki faɗa mini gida na kawo shi. Idrisu."

Ta karanta ta sake karantawa kafin ta amsa.

"Na'ibawa, bayan 'yan katako. Ka baro ba'arka a gareji."

Bai baro ta ba. Ya zo da ita, ya kuma ci gaba da zuwa, yana ba ta labarin ƙauyensu na wajen Ringim har ta riƙe ciki don dariya. Innarta Ladidi, da ta manta yadda dariyar 'yarta take, ta riƙa laɓewa a bayan ƙyaure tana share ido.

"Bakanikena," Aina'u ta ce masa wata rana, "kai ba ka gajiya da magana?"

"In na yi shiru zuciyata za ki ji, kuma ta fi bakina surutu, hasken raina."

Ta ja hijabi ta rufe fuska. Tana sonsa, son da ya ba ta tsoro, don ta san amsar da ke jiransa a bakin Baba.

Wata Juma'a Baba ya bar shi ya tsaya kusa da motar. Idrisu ya zaro sandar awon mai ya duba, ya ga baƙi ƙirin.

"Baba, man nan ya mutu. In ba a yi juye ba, wata rana injin zai buga."

"Uba ne ya zuba shi da hannunsa," in ji Baba, ya juya baya.

Aina'u ce ta yi ta lallashi, tana ɗaga murya kusa da kunnensa mai ɗan ji. Tsoron kada motar ta mutu gaba ɗaya shi ya sa ya amince.

To, a nan soyayya ta yi wa Idrisu rawar kai. Yaron da ya saba da akori-kura da bas ɗin haya, ga shi an ba shi motar tsere, kuma ta gidan surukai. Bai tambayi kowa ba. Ya wuce Bompai, shagon da manyan mutane ke sayen mai, ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne, irin na motocin tsere. Aka miƙo masa galan mai sheƙi da rubutun ƙasar waje. Ya rungumo shi yana jin ya gama da zuciyar Baba.

Ya kwance notin ƙasan injin, tsohon man ya tsiyaye a roba, Inna ta miƙa wa maƙwabta su shafa wa katakon rufi saboda gara. Aina'u ta riƙe mazurari, Idrisu ya tuttula sabon. Man ya wuce sululu, kafin ta gyara tsayuwa galan ya ƙare. Wani abu ya ɗan sosa mata rai, amma idonta na kan fuskar Idrisu, ba ta bi ta kai ba.

Baba ya murza makulli, ya zagayo ya ɗora hannu.

Injin ya tashi da wata ƙara siririya, tik-tik-tik, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kwano. Baba ya fizge hannunsa. Ya sake ɗorawa, ya sake fizgewa.

"Me ka yi wa yarona?"

"Baba, ku bari ya ɗan zagaya..."

"Mayar da nasa! Mayar mini da man da ya zuba!"

Inna ta dafe ƙirji. Man Uba yana can a jikin katakon maƙwabta.

Baba ya kashe motar. Bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi. Ya nuna wa Idrisu ƙofa ya ce, "Abu ɗaya ya rage mini, ka zo ka taɓa. Kada ƙafarka ta sake tako gidan nan."

Labari bai kwana ba ya isa kunnen Abdullahi, dillalin motoci na bakin titin Zariya, wanda ya daɗe yana son Aina'u, yana kuma son motar, shi kansa bai san wadda ya fi so ba. Ya zo da ƙamshin turare, ya saurari injin, ya girgiza kai.

"Baba, jabun mai aka zuba muku. Injin ya tafi. Ku bar ni na sa a ɗora mata sabo."

Baba bai amsa maganar inji ba, amma ya ce yana iya zuwa zance.

Aina'u ta shige ɗaki ta rubuta da kuka.

"Don Allah ka faɗa mini gaskiya. Jabu ka saya?"

Amsa ta zo nan take.

"Wallahi Aina'u wanda ya fi kyau na nema, saboda ke. Ban san inda na kuskure ba. Ki ce na ɓata, na yarda, amma kada ki ce na cuce ku. Ban iya cin abinci ba tun ranar."

Ta kife wayar, ta kife fuskarta a kan filo.

Juma'a ta zo ta wuce, tamfol bai motsa ba. Wata ma ta zo. Baba ya daina zama a tsakar gida, tuwonsa yana komawa yadda aka kawo. Gidan ya koma kamar makon da aka yi rasuwa. Aina'u tana naɗe minti a kamfani hawaye na ɗiga a kan takarda, tana jin haushin Idrisu, tana kuma duba waya ko ya sake rubutowa. In Abdullahi ya zo, sai ta aika a ce kanta na ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wata safiya tana zuba wa Baba zuma a kunu ko zai sha. Zumar ta ƙi sauri, tana saukowa a hankali, hannunta ya fara sagewa. Sai ta tsaya cak.

Ta san wannan sagewar. Ita ce mai riƙe wa Yaya Uba mazurari in zai zuba wa motar mai. Takan yi ta mita hannunta ya gaji, shi kuma yana dariya yana cewa, "Yi haƙuri, tsohuwa ce, ba ta shan tsararo."

Kunun ma a nan ta bar shi. Ta ɗauki waya.

"Bakanikena, ba jabu ba ne, kauri ne babu. Ka same ni a Bompai in an tashi aiki, wurin abokin Yaya. Ka yafe mini."

Obadiya bai sake zuwa gidansu ba tun ta'aziyya, ya ce ba ya iya kallon motar. Da ya ji bayani ya dubi Idrisu, wanda ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ɗan'uwa, mai ka saya na gaske, amma na sabbin motoci ne. Wannan injin ya ga duniya, ƙarafunansa sun saki, mai kauri ne ke cike musu tsakani. Me ya hana ka tambaya?"

"So na yi na burge," in ji Idrisu, kansa a ƙasa.

"Ka kuwa burge."

Ranar Juma'a Obadiya ya yi sallama da galan a hannu. Baba ya fito, ya gan shi, ya kama kafaɗunsa. Aina'u ta durƙusa kusa da kunnensa ta faɗa masa komai, har da cewa ita ce ta ga man yana gudu ta yi shiru.

"Ina Idrisun?" in ji Baba.

"Yana waje. Kun hana shi shigowa."

"Wanda ya ɓata shi zai gyara."

Idrisu ya shigo ya zube. "Baba, laifina ne. Na nemi mai tsada, ban nemi wanda ya dace ba. Ku yafe mini ko ba ku ba ni komai ba."

Ya kwance notin, ya tsiyaye man, Aina'u ta riƙe mazurari. Man ya riƙa sauka a hankali, hannunta ya sage, ta ƙi sauya hannu, hawaye na bin kumatunta.

Aka tayar. Tik-tik ɗin ya fito. Sai ya fara ja da baya, yana raguwa, har gurnanin nan mai nauyi ya rufe shi. Baba ya ɗora hannu ya lumshe ido, ya daɗe.

"Ya dawo," ya ce. "Amma da saura."

Idrisu na iya yin shiru a nan ya tsira. Bai yi ba. Ya matso kusa da kunnen tsohon.

"Da saura, Baba, kuma ba mai ne zai cike shi ba. Zama ke cin ta. Sai tana hawa titi tana yin zafi, in ba haka ba a tsaye za ta mutu."

Obadiya ya gyaɗa kai. Baba ya dubi tayoyin da suka fara nutsewa a ƙasa. Daga nan ya juyo ya dubi 'yarsa, kallon da ya daɗe bai yi mata ba, ya ga yadda zaman gidan ya cinye ta. Ya shige ɗaki.

Da safe ya aiki Inna ta faɗa mata, Idrisu ya turo magabatansa.

Aka ɗaura aure bayan sallah ƙarama. Da yamma, da za a kai amarya gidan Idrisu a Zawaciki, gwaggonni suka cika tsakar gida ana rabon motoci. Baba ya ratsa su ya yaye tamfol, ya miƙa wa Obadiya makulli.

"Malam, kujera biyu ce fa," in ji Gwaggo Asabe. "Wa zai riƙe amarya?"

"Ku biyo su a baya. Wanta ya yi mata alkawari."

Aina'u ta fashe da kuka a cikin mayafi. Aka sa ta a mota. Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Na riƙe ki ya isa haka."

Obadiya ya tayar, yana goge ido da hannun riga. Baba ya ɗora tafinsa a kan bonet. Motar ta fara tafiya, ya bi ta, hannunsa na zamewa ta kan ƙofa, ta kan but, har ta fice daga ƙarƙashin hannun. Ta madubi Aina'u ta hango shi tsaye a bakin get, hannun a miƙe ba komai a ƙarƙashinsa. Sai ta ga ya juya tafin sama, ya haɗa da ɗayan.

Idrisu ya ji gurnanin tun daga kwanar layi. Da aka watse ya durƙusa gabanta ya ɗaga mayafin.

"Mai Batir, kuka ya isa. Na yi miki alkawari, kowace Juma'a a Na'ibawa za mu yi la'asar."

Ya kuwa cika. Juma'ar farko suna tsayawa da jar motar Baba ya fito ko takalmi babu, ya ɗora hannu a kan bonet ɗin da ya ɗauki zafin hanya. Ya lumshe ido, hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa.

"Yanzu ne," ya ce. "Yadda ya bar ta ke nan."

Ya kamo hannun Idrisu ya ɗora kusa da nasa, ya kamo na Aina'u ya ɗora a kai.

Allah ya jiƙan Uba, ya bar waɗannan biyun tare.