Hular Ginshiƙi na Uku

Motar da ta kwaso sabbin ma'aikata daga Argungu ba ta iso ba sai da rana ta yi ja. Su biyar ne. Irimiya, jami'in da kamfani ya ɗora wa karɓar sabbi, ya dubi agogo ya yi tsaki. Gobe da sassafe za a zuba kankaren gadar da suke ginawa a fadama, kan hanyar Birnin Kebbi. Kuma doka ce, ba mai taka wurin aiki sai an zagaya da shi, an nuna masa ramuka, an ɗaura masa hular kwano.

Huluna huɗu suka rage a sito.

Watansa biyu a nan, kullum yana ganin wata koɗaɗɗiyar hula rataye a rodin ginshiƙi na uku. Ya je ya ciro ta. Cikinta a jiƙe yake, alhali rabon da a ga ruwan sama tun kaka.

Baba Tamba, shugaban leburori, yana alwala ya ɗago kai.

"Yallaɓai, maishe ta. Tana da mai ita."

"Wa ke nan, Baba? Ban ga sunansa a takarda ba."

"Nan munka iske shi. Ran da munka fara haƙa munka ba shi hula kamar kowa, yab bar mu munka yi aiki."

"To, gobe ya zo ya cika fom," in ji Irimiya.

Tamba bai yi dariya ba.

Munzali, wani birkila ɗan Augie, shi ya samu hular. "Oga, wagga ai ta girmi babana," ya ce, sauran suka kwashe da dariya. Irimiya da hannunsa ya ja igiyar ya ɗaure masa ita tamau a haɓa, don kowa ya ga yadda ake yi.

Suka bi bakin ramuka a jere, shi a gaba. Warin laka da na ɗanyen siminti. Kwaɗi sun cika fadama da kuka. Daga wani ƙauye ana kiran sallar magariba.

"Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin ƙugiyar injin ɗaga kaya. Kada a taka katakon da..."

Kwaɗin suka yi tsit.

A bayansa takalma na murƙushe tsakuwa. Cikinsu akwai wani taku dabam. Ƙafa ce ba takalmi, jiƙaƙƙiya. Ɗap. Ɗap.

Ya waiwaya. Mutum huɗu.

"Ina Munzali?" ya tambaya da raɗa.

Ɗayansu ya nuna da yatsa.

Munzali na gangarawa cikin ramin ginshiƙi na uku, inda ruwan fadama ya taru baƙi ƙirin. Kansa ne a gaba, jikin na bi, kamar akuyar da ake ja. A saman hular akwai shatin yatsu na laka. Dogaye. Suna motsi.

Ruwa ya kai masa ƙugu.

Irimiya ya yar da takardu ya faɗa ramin. Sanyi ya soke shi har ƙashi. Ya cafki rigar Munzali, aka ja su duka biyun.

Ruwa ya kai ƙirji.

"Igiyat!" Tamba ya yi ihu daga sama. "Kwance igiyat!"

Irimiya ya kai hannu haɓar Munzali, ga ɗaurin da shi da kansa ya yi. Yatsunsa suka yi ta zamewa. Wani numfashi mai warin ruɓaɓɓen kifi ya hura masa a kunne.

"Tawa ce."

Igiyar ta sake.

Hular ba ta faɗi ba. Ta tashi sama, ta wuce tsayin mutum, ta tsaya. Sannan ta juya a hankali, ta nufi duhun ciyawa.

Da igiyar guga aka fito da su.

Washegari hular na kan rodinta, tana ɗigar ruwa. Munzali bai sake taka fadama ba, ya nemi a mai da shi sito. Abu ɗaya kawai yake tunawa, wani ya ce masa da ladabi, "Kai ma sabo ne? Zo in zagaya da kai."

Irimiya bai daina karɓar sabbi ba, amma da hantsi yake yi. Daga ginshiƙi na uku yake fara zagayen. Yakan tsaya, ya nuna hular, ya ce, "Wannan ya riga mu duka fara aiki."

Kuma tun ranar bai sake ɗaure wa kowa igiya da hannunsa ba.