Cire Takalminka, Saje

Wayyo, baiwar Allah nan ta ga rayuwa! Tun ranar da takarda ta iso cewa an hana mijinta fanshon nakasa, matar Saje ba ta sake samun sukuni ba. Ita ke wanke masa ƙafar da nakiya ta cinye rabinta a fagen daga, ita ke jin nishinsa, amma wai hukuma ta ce lafiyarsa ƙalau! Bakinsa ne kuwa ya ja musu. Da likitan soja ya tambaye shi jiki, sai ya ƙame ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai," don soja ba ya raki gaban na gaba da shi.

Da ta je ɗaukaka ƙara, akawun ofishin, wani mugu da ta taɓa hana na goro, ya yatsine fuska. "Takardar asibiti? Ba ku taɓa kawowa ba! In kuka faɗi wannan karon, gidan yari mijinki za shi kan ƙarya..." Tun daga ranar, ko sallama aka yi sai gabanta ya faɗi, ta ce shi ke nan, an zo tafiya da shi. Ta yi kuka, ta yi addu'a har muryarta ta dushe.

Ranar zaman sauraren ƙarar, a bakin ƙofa ta riƙe hannunsa. "Maigida, don Allah yau ka faɗi gaskiya!" Amma ina! Da tsohon Kanar mai shugabantar zaman ya tambaye shi, bawan Allah ya jingine sanda, ya ƙame, gumi na tsiyaya. "Lafiya lau, yallaɓai."

"Na shiga uku!" in ji matar, ta fashe da kuka. Akawu ya murmusa.

Kanar ya daɗe yana kallon ƙafar da ke rawa. "Saje, cire takalminka. Umarni ne."

Ya cire... Ga ragowar ƙafar a fili, wata ma'aikaciya ta kau da kai tana salati. Nan matar ta miƙa 'yar takardar shaidar karɓa da ta adana tun ranar da ta kai takardar asibitin, ga sa hannun akawu ɓaro-ɓaro. A aljihun teburinsa aka zaƙulo takardar asibitin, aka fita da shi yana "ku rufa mini asiri!" Alhaki kuikuyo ne.

Kanar ya sa hannu a takardar fanshon, ya miƙe, ya sara wa Saje, idonsa jawur.

"Zauna, Saje. Wannan ma umarni ne."