Tarin Zakiyya

"Baban Zakiyya, muryar wa nika ji ga kasuwa?"

Bai ko ɗago daga kan fiyanonsa ba. Albashir ke nan, mijina, wanda tun da aka ba mu jihar Kebbi babu fim ko wasan daɓe da za a yi a Birnin Kebbi ba a zo roƙon kiɗansa ba.

"Taki ce, Raudata," ya ce yana murmushi. "Ba ki ji yadda tay yi daɗi ba?"

Daɗi fa ya ce.

Waƙar reno ce ta gidanmu a Argungu, wadda Inna ke yi mana in Baba ya tafi kamun kifi. Ita na yi wa ɗiyata Zakiyya da hantsin ranar da ƙyanda ta ɗauke ta, tana kwance a cinyata, jikinta zafi rau. Shi yana tsaye bakin ƙofa, na zaci addu'a yake yi. Ashe rikoda ce a aljihun rigarsa.

Ya zuba wa waƙar kalangu da fiyano, ya sa a fim. Yau ga ta a shagon mai kaset, 'yan mata na rausaya.

"Ɗiyarka na mutuwa kana ɗaukar murya?"

"Ni ma na ji zahi, masoyiyata. Amma irin wagga murya ba a samun ta sau biyu."

Na tsane shi a lokacin, wallahi na tsane shi. Sai kuma wani abu ya faɗo mini. Ko hoto ba mu taɓa yi wa Zakiyya ba. Amma a tsakiyar waƙar nan ta yi tari, ta ce "Umma..."

Na durƙusa a gabansa, ni da na shigo da faɗa.

"Na yahe maka komi. Ba ni kaset na asali kawai, in ji muryar ɗiyata."

Ya sosa ƙeya.

"Tarin na ɓata kiɗan, Rauda. Na yanke shi."

"Na asalin fa?"

"Na ɗora wani aiki bisa nai... Mi za ki yi da tari?"

Ban yi kuka ba. Na ɗauki mayafina na nufi tasha, na shiga motar Argungu.

Ba mu wuce Ambursa ba direba ya tura kaset. Muryata ta cika motar. Na runtse ido ina bin baitocin har muka iso wurin, daidai inda Zakiyya ta kira ni. Kalangu ne ya cike gurbin.

Matar da ke gefena ta taɓa ni tana kaɗa kai.

"Baiwar Allah, nan wurin ya hi ko'ina daɗi. Direba, don Allah maido muna baya."