Kwalbar Da Ke Kan Teburin Gyara

Ni mai ɗinkin littafi ne. Shekara arba'in ina ninke takarda, ina ɗinkewa, ina shafa gam, ina yanke baki. Karatun boko ban yi ba, sunana kaɗai nake iya rubutawa. Amma littafin da na ɗinka bai taɓa zubar da shafi ba. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Mijin 'yata yana da ƙaramar maɗaba'a: ɗaki biyu da sito a bayan layin masu walda. Mai Tabarau ake ce masa. Littattafan wasu ƙasashe yake sa a fassara, irin waɗanda ba su da kai ba su da gindi. Wani a kan mutumin da ya wayi gari inuwarsa ta yi yaji, wani a kan garin da ruwan sama ke komawa sama. Ba mai saye. Sito ya cika har rufi, gara tana ci ta ƙasa.

Na ce masa, "Kai, gara ce kaɗai mai karanta maka."

Ya ce, "Baba, mutane ne ba su waye ba tukuna."

"To kai da ka waye, me ka ci yau?"

Ba mugu ba ne. Yabo yake so, ya ga an cika shagonsa ana kiran sunansa. Wannan yunwar ta fi ta ciki ci.

Akwai al'adar aikinsu. Kafin a buga littafi, mutum biyu ke zama a teburin gyara. Ɗaya yana karantawa a bayyane, ɗaya yana bi da biro yana kama kuskure. Ba shi da ma'aikata, na jikinsa ke yi masa: Tafinta, abokinsa tun ƙuruciya wanda ke fassarar, ko ƙaninsa, ko 'yata. Ina bayan katanga wajen wuƙar yanka, ina jin muryoyinsu.

Wata rana da hantsi ya ce in raka shi, in riƙa masa kwalin littattafai wajen wani mai saye. Muka shiga wani tsohon shagon gyaran rediyo da aka daina aiki a cikinsa. Ta baya akwai ɗaki ba taga. Tun daga ƙofa na ji warin kakin zuma da kashin tsuntsu. Keji bakwai a rataye, kowanne da aku, kowane aku an ɗaure masa baki da jan zare. Katanga duk kanta ce, a kai kwalabe jere, an liƙe bakinsu da kaki. Ba komai a ciki. Amma ɗakin yana gunaguni kamar kasuwa daga nesa, kuma daga kwalaben yake fitowa.

Ashe ba mai saye ba ne, boka ne, siriri, da farar singileti, yana ta murza kaki tsakanin yatsu. Bai amsa sallama ba.

Ya dubi Mai Tabarau ya ce, "Me kake so?"

"A karanta littattafaina."

"A saya, ko a karanta?"

"Duka."

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Mai haɗama ne, ashe."

Mai Tabarau ya ce, "Ni ba na taɓa jini. In rago ne, zan kawo."

"Me zan yi da rago? Rago yana magana ne?" Ya sauko da kwalba buɗaɗɗiya. "Kana ɗebo maganar wasu kana kawowa nan. Wanda ya ɗebi ruwa a randar mutane, yana mayarwa. Ka ajiye wannan a teburin gyara, a buɗe. Kowane littafi, wani na jikinka ya karanta shi a bayyane, daga farko har ƙarshe. Sai ka liƙe ta ka kawo, in ba ka wata."

"Shi ke nan? Ai dama haka muke yi."

"To ka ga ba ka da asara. Sai dai in ka fara, kada wata shida ya wuce ba sabon littafi. In ya wuce, wanda ya karanta na baya shi zai ji a jikinsa."

Na ajiye kwalin na ce, "Tashi mu tafi."

Bokan ya dube ni. "Tsoho, ka iya karatu?"

"Ban iya ba."

"To ba ruwana da kai."

A hanya Mai Tabarau ya ce, "Baba, wasa ne. Kwalba ce fa kawai." Ya roƙe ni kada in gaya wa matarsa. Na yi shiru, don ina jin kunyar a ce tsoho kamata ya taka ɗakin boka. Wannan shirun shi ne laifina.

Tafinta ya karanta na farko. Littafin ya fito, gari ya ɗauka. Direbobi suna karantawa a tasha, mata suna barin tukunya ta ƙone. Aka kwashe har tsofaffin da gara ta ci. Mai Tabarau ya sayi babban inji, ya sayi mota, ya rushe katanga ya haɗe shago uku. Ana kiransa gidan rediyo yana bayani, yana gyara tabarau.

Kwana arba'in da fitowar littafin, Tafinta ya shigo shago da safe ya buɗe baki. Abin da ya fito ba Hausa ba ne. Muka ɗauka zolaya ce. Ƙanin Mai Tabarau ya ce, "Malam, fassarar ta hau kanka ne? Sauko ƙasa mu gaisa." Tafinta ya dube shi, bai gane ba. Aka miƙa masa biro, ya rubuta wasu ƙugiyoyi. Aka kira masu jin harshen da littafin ya fito, suka ce ba nasu ba ne. Mutumin da ke jin harshe biyar ya koma ba ya jin kowa, ba mai jin sa. Yana kama rigar mutane a titi yana bayani yana kuka. Aka ce ya haukace, aka kulle shi a ɗaki.

Na tare Mai Tabarau a sito. "Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"To daina."

Ya daina. Ranar da wata shida ya cika, aka tarar da Tafinta a zaune jikin ƙofa, baki buɗe, ya sandare. Tun ranar inji ya fara tashi da kansa da tsakar rana, yana fitar da farar takarda. Mai Tabarau ya mayar wa boka da kwalba. Da ya dawo, ya tarar da ita a kan tebur.

Tsoro ya kama shi, ya ga ba mafita sai ya ci gaba. Na biyu ƙaninsa ya karanta. Shi ma kwana arba'in. Aka ɗaure shi a ɗakin baya, uwarsu tana zaune a ƙofa tana kiran sunansa, ba ya waiwayowa.

Yanzu tarko ya rufe. In ya tsaya, ƙaninsa ya mutu. In ya ci gaba, sai an kawo wani baki. Ya ɗauko baƙo ya karanta, kwalba ta ƙi liƙuwa, kakin yana narkewa. Wata biyar ya wuce. Ya rame, tabarau yana zamewa daga hancinsa. Ya same ni wajen wuƙa riƙe da takardu.

"Baba, ko kaɗan ba ka haɗa baƙi?"

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Da na iya, da ni za ka ba?" Ya juya zai fita. Na ce, "Kai ka jawo. Karanta da bakinka."

Ya ce zai yi. Na yarda da shi, ban je na gaya wa 'yata ba. Na ce ba a shiga tsakanin miji da mata.

Sai ya aike ni ɗauko takarda a wani gari, tafiyar kwana uku. Na dawo da la'asar, ina sauke kaya, na ji murya ta bayan katanga. Muryar da na sani tun tana koyon cewa Baba. Na banka ƙofa. Tana zaune, yana gefenta da biro, hawaye na ɗiga a kan takarda, kwalba a tsakaninsu.

Na ce, "Rufe bakinki!"

Ta ɗago tana murmushi. "Baba, lafiya? Ai na gama. Shi kuma sai kuka yake, wai labarin ne ya taɓa shi."

Na fasa kwalbar da ƙasa. Ba abin da ya fito. Amma aikin gama ya gama, littafin sai da aka buga shi. A ranar na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Kai ma ka sani, Baba?" Kwana arba'in ɗin nan a gidana ta yi su, tana ta magana. Ta ba ni labarin uwarta, ta gaya min inda take ajiye maganina, ta ce in riƙa rage gishiri. Safiya ta arba'in da ɗaya ta kawo min ruwan alwala ta gaishe ni, ban gane ba.

Na je da guduma shagon rediyo. Ɗakin wayam, sai jan zare a ƙasa.

Da wata shida ya matso, wata kwalba ta bayyana a tebur. Mai Tabarau ya zauna shi kaɗai ya karanta littafi na huɗu da bakinsa, don ta rayu. Da ya yi haka tun farko. Bayansa ba wanda ya sake bugawa, shi ya sa wa'adi ya faɗa a kansa. A sito aka sami gawarsa, tsakanin kwalaye. Inji aka sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Littattafan da ke gidajen mutane duk suka koma farar takarda.

Ƙaninsa yana nan a ɗaure. 'Yata tana wurina. Na haɗa su ɗaki ɗaya ko za su ji juna, ashe kowa da nasa harshen. Shekara bakwai ina sauraronta, kalma ɗaya na gane, wadda take faɗa in tana son ruwa. Akwai wata da take maimaitawa duk sanda na shigo. Ban sani ba ko Baba take cewa, ko wani abu ne da na cancanta.

Kai mai neman suna da gaggawa, ka ji ni. Boka ba ya karɓar abin da kake iya bayarwa, na gidanka yake ɗauka. Gara ta cinye kayanka ya fi. Kai kuma da ka ga an ɗauko mugun abu ka kama bakinka don kunya, da kai aka yi.