Muryar Anti Halima

Akwai wata yarinya a Kafanchan, 'yar aji biyar. Sunan mamarta Roseline.

Mama tana da ƙawa tun suna yara, sunanta Halima. Tare suka shiga firamare, a benci ɗaya suke zama. In Kirsimeti ta zo, Halima ce take soya wa Mama cincin. In Sallah ta zo, Mama ce take taya ta girki.

Da Halima ta yi aure ta koma Godogodo, kullum sai ta aiko wa Mama saƙon murya ta waya. Bara ta yi rashin lafiya, ta rasu. Tun daga nan, in Mama ta gama aiki, sai ta zauna ta saurari tsofaffin saƙonnin.

Ran wata Asabar Mama ta tafi kasuwa, ta bar wayar a caji. Yarinyar tana so ta ɗauki bidiyon rawar da ta koya, amma wayar ta cika. Ba ta tambayi kowa ba. Ta shiga goge abubuwa, har da saƙonnin Anti Halima duka.

Da yamma Mama ta ɗauki wayar. Ta duba, ta sake dubawa.

"Wa ya taɓa mini waya?"

"Ban sani ba," in ji yarinyar.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye wayar, hawaye suna zubo mata. Ko tuwon da ta tuƙa ba ta ci ba.

Yarinyar ta kasa jurewa. Ta zo ta durƙusa.

"Mama, ni ce. Na goge don in yi bidiyo. Kuma na yi miki ƙarya. Ki yi haƙuri."

"Shekara talatin da biyar muna tare," in ji Mama. "Muryarta kaɗai ta rage mini. Wata guda ba za ki taɓa wayata ba."

Ran Litinin yarinyar ta je wurin Malam Jonathan, malaminsu na kwamfuta. Ta gaya masa komai.

"Kin yi laifi, amma kin kyauta da kika faɗi gaskiya," in ji shi. "Wayar marigayiyar tana nan?"

"Tana hannun ƙanwarta, Anti Shamsiyya."

"To, in ba a goge ba, saƙonnin suna nan a wayar da ta aiko su."

Da aka tashi daga makaranta, yarinyar ta ruga gida da gudu.

"Mama! Mu je Godogodo! Na san inda muryar take!"

Da Asabar ta zagayo suka hau bas. Anti Shamsiyya ta tarbe su da kunun gyaɗa. Yarinyar da bakinta ta faɗi abin da ta yi. Anti Shamsiyya ta shiga ɗaki, ta fito da wayar a naɗe cikin ɗankwali.

"Ban goge komai ba, Yaya Rosi," in ji ta. "Ni dai na kasa saurare ni kaɗai."

Ta sa wayar a caji, ta kunna. Sai ga muryar Anti Halima, tana dariya: "Rosi, kin tuna ranar da akuyar hedimasta ta cinye miki littafin lissafi? Kika ce gara ita, ta fi ki gane shi!"

Mama ta fashe da dariya, tana share hawaye. Anti Shamsiyya ma haka. Suka tura saƙonnin duka zuwa wayar Mama.

A hanyar dawowa Mama ta riƙe hannun 'yarta.

"Me kika koya?"

"Ba zan ƙara taɓa kayan wani ba sai na tambaya. Abin da na ga kamar ba komai ba ne, wani yana ji da shi. In kuma na yi laifi, zan faɗi gaskiya nan take."

"Na yafe miki," in ji Mama. "Matso in ba ki labarin akuyar nan tun daga farko."