Kefas Ɗan Shekara Sha Shida

Martina na zaune a tsakar gidan su Kefas a Muchia tana taya Mama, mahaifiyar Kefas, tsintar wake, sai ga Kawu Raphael ya faɗo ko sallama babu, da wata tsohuwar ambulan a hammata.

Asabar ce. An riga an karanta sanarwar auren Martina da Kefas a coci Lahadi biyu a jere, gobe za a karanta ta uku, daga nan sai biki. Ita malamar firamare ce a Samaru. Shi kuma gola ne a kulob ɗin Taurarin Muchia, shekararsa ashirin da shida, kuma kakar bana tasa ce, don saura wasa uku kulob ɗin ya haura rukuni na gaba.

"Yaya, ki zuba ruwa a ƙasa ki sha," in ji Kawu ga Mama. "Oga Marvellous, ejan 'yan ƙwallon nan da ya kalli wasan Kefas, ya ce zai kai shi sansanin tawagar ƙasa. Daga can sai Turai."

Mama ta saki tire ta rangaɗa guɗa. Martina ma daɗi ya kama ta, ta ce, "Tawagar manya, Kawu?"

"Ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai."

Dariya ta kubce mata. Kefas ɗin da ke aske gemu sau biyu a mako? Amma Kawu bai yi dariya ba. Ya buɗe ambulan ya zaro wani kati da ya yi ruwan ƙasa. Katin baftismar Eric ne, ƙanin Kefas, wanda ƙyanda ta ɗauke yana da shekara uku. Da yana raye, da bana shekararsa sha shida.

"Daga yau Kefas shi ne Eric," in ji Kawu. "Shekarun gida daban, shekarun ƙwallo daban. Kar ki zare min ido, ba a kanmu aka fara ba."

"Kawu, yaron nan fa yana kabari," in ji Martina.

"To can ɗin kati yake masa amfani?"

Martina ta dubi Mama, tana jiran ta ƙwace katin ɗanta. Mama ta sunkuyar da kai tana tsintar waken da aka riga aka tsince. Shekara goma ke nan da rasuwar mijinta, tun lokacin take suyar ƙosai a bakin kasuwar Sabon Gari, hayaƙi duk ya cinye mata ido. An ambaci Turai, bakinta ya mutu.

"Sanarwar gobe fa?" in ji Martina.

"Wace sanarwa? Kin taɓa jin ɗan sha shida ya yi aure a coci? Na riga na ga Fasto, na ce masa akwai uzurin iyali. Ki jira shekara uku ko huɗu, ya girma a takarda."

Ana cikin haka Kefas ya shigo daga atisaye, safar hannu rataye a wuya. Da ya ga katin bai yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ashe tuni ya sani.

"Tina, ki fahimce ni," ya ce yana kallon ƙasa. "Shekara takwas ina cin ƙasa a filin nan. Wa zai ɗauki gola ɗan ashirin da shida daga ƙaramin lig? Dama ɗaya ce — ɗaya tak."

"Damar wa? Taka, ko ta yaran da shekarun nasu ne da gaske?"

Ya juya ya shige ɗaki.

Da Laraba ta zo, Mama ta aika mata ta zo ta taya ta girki, wai za a yi baƙo. Don girman Mama ta hau keke napep daga Samaru bayan an tashi makaranta. Abin da ta tarar, ni mai ba da labarin ma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. An yi wa Kefas aski tal-kwabo, an kankare gemu har fatar ta yi ja, an cusa shi cikin gajeren wando da rigar 'yan sakandare da maɓallanta ke neman tsinkewa. Ƙaton namiji mai gashin ƙafa kamar buroshi, an zaunar da shi a tabarma ya naɗe hannu. Oga Marvellous na kan kujera yana cin naman kaza yana koya masa sabuwar ranar haihuwa, yana maimaitawa.

Da ta kawo ruwa, ejan ya nuna ta da ƙashin kaza. "Wannan fa?"

"Antinsa ce," in ji Kawu da sauri. "Ita ta koyar da shi a firamare. Eric, ba ka gaida Anti ba?"

Martina ta tsaya da jug a hannu tana kallon mutumin da ya durƙusa gaban mahaifinta ya nemi aurenta. A ranta tana roƙon Allah kada ya buɗe baki.

"Sannu, Anti," in ji Kefas.

Ta ajiye jug ɗin a hankali. Ta zare zoben alkawari ta ɗora a tiren abinci, kusa da ƙasusuwan kazar.

"Mama, ki yafe ni," ta ce, hawaye na zuba. "Da Kefas na yi alkawari. In ya dawo, ya san gidanmu. Eric kuwa ban san shi ba, kabarinsa kawai aka taɓa nuna min."

Makonni biyun da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Kawu ya janye Kefas daga kulob, tunda can da sunansa na gaskiya aka yi masa rajista, aka baza cewa ya ji rauni a gwiwa. Taurarin Muchia suka sa gola na biyu, aka zura musu uku a wasan farko, huɗu a na biyu. Magoya baya da suka yi ta bin kulob ɗin gari-gari a bayan a-kori-kura suka koma gida suna tsaki. A Samaru kuwa mawaƙan coci suka samu abin taunawa: wasu su ce an gano ciwo a gwajin jinin da ake yi kafin aure, wasu su ce ya samu wata budurwa a unguwar PZ. Mahaifiyar Martina ta ce a mayar wa su Kefas da kayan aurensu a huta.

"Mama, a bar kayan tukuna," in ji Martina. "Ban ce zan bi shi ba, ban kuma ce na fasa ba."

Ba ta kira shi ba, ba ta kuma tona shi ba, ko da aminiyarta Christabel ta matsa mata. Kullum sai ta tsaya gaban 'yan ajinta tana kiran suna, kowa na amsa nasa, sai Kefas ya faɗo mata a rai.

Ana saura kwana biyu tafiya sansani, Kawu ya zo da safe da gwangwanin farin fenti da buroshi ya dire gaban Kefas.

"Oga ya ce a share duk wata alama. 'Yan jaridar yanzu tone-tone gare su. Ka je maƙabarta ka shafe rubutun gicciyen kabarin Eric, minti biyar ka gama."

Mama na bakin murhu. Ludayin ya faɗi daga hannunta.

"Raphael, sunan ɗana za a goge?"

"Yaya, katako ne fa kawai."

Kefas ya ɗauki gwangwanin ya fita. Mama ta yafa gyale ta bi bayansa, ba ta ko sauke mai daga wuta ba.

Kabarin ɗan ƙarami ne, ciyawa ta kusa rufe shi. Kefas ya durƙusa ya buɗe fenti, ya tsoma buroshi, sannan ya ɗaga ido. Harufan sun karkace, na ƙarshen ma ya gangara ƙasa don wuri ya ƙare. Rubutunsa ne. Babansu ya sassaƙa gicciyen, shi kuma yana ɗan shekara sha uku ya rubuta sunan yana kuka, don shi ke goyon Eric zuwa makarantar Lahadi. Fentin ya yi ta ɗiga a kan takalminsa, hannun ya ƙi tashi.

"Kefas," in ji Mama daga bayansa. Mako biyu ke nan ba ta kira shi da sunan ba. "Na binne shi sau ɗaya. Ba zan iya na biyu ba. Na yi kwaɗayi, Allah ya yafe min. In ƙosai ne, zan soya har in mutu."

Ya kifa fentin a cikin ciyawa.

Washegari ana hutun ƙarfe tara Martina ta hango shi a ƙofar makaranta, gemu ya fara tsirowa, hannunsa duk baƙin fenti. Ta fito ta tsaya nesa da shi.

"Wa ake nema?"

"Malama Martina."

"In ji wa?"

"In ji Kefas Bulus, ɗan shekara ashirin da shida. Na sake bin rubutun gicciyen da baƙi, Tina, yanzu daga titi ma ana karanta shi. Katin yana akwatin Mama. Na kira ki da sunan da ba naki ba a gaban baƙo. Ban san da bakin da zan ba ki haƙuri ba."

Ta daɗe tana kallon hannun nasa.

"Ka je ka ba kulob ɗinka haƙuri tukuna," ta ce. "Sannan ka zo gida ka ga Baba. Kuma ka zo da dogon wando."

Kulob ɗin ya sake karɓarsa, ya tsare gida a wasan ƙarshe, ba a zura masa ko ɗaya ba, amma aikin gama ya gama: Taurarin Muchia suka rasa haurawa da maki biyu. Ya tsaya gaban magoya baya ya faɗi gaskiya, wasu suka zage shi, ya shanye. Kawu ya yi wata shida ba ya taka gidan. Oga Marvellous kuwa an ce samarin da ya kai sansani duk an koro su bayan an ɗauki hoton ƙashin hannunsu don gane ainihin shekarunsu, tun daga nan lambarsa ba ta shiga.

Fasto, da ya ji asalin uzurin, ya ce sanarwa sai dai a faro daga ɗaya. Martina ta sake jiran Lahadi uku ba ta yi ƙorafi ba. Aka ɗaura aure. A kaka ta gaba kulob ɗin ya haura, Kefas ne kyaftin. Kiran tawagar ƙasa bai zo ba har yau, wataƙila ma ba zai zo ba.

'Yan'uwana matasa, ƙarya ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Da shekaru aka fara, ta ci aure, ta ci wahalar kulob guda, har ta kai hannu kan kabari. Haƙurin Martina kuma ba na bin ɓarna ba ne: ta ƙi abin da ya kamata ta ƙi, sannan ta jira.

Bara aka yi wa ɗansu na fari baftisma. Da aka miƙo sabon katin, Mama ta karɓa ta kai shi kusa da idonta da hayaƙi ya cinye, ta kasa karantawa. Ta miƙa wa Kefas.

"Karanta min."

"Eric Kefas," ya ce.

"Wannan nasa ne," in ji Mama. "Kar wanda ya taɓa masa."